Gwajin Jinin Cutar Mantuwa: Mene Ne Furotin Tau, Kuma Ta Ina Gado Ya Shigo?

A watan Mayun 2025 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta ba da izinin amfani da gwajin jini na farko da zai taimaka wa likitoci wajen gano cutar Alzheimer, wadda ita ce kan gaba a cikin cututtukan mantuwa. Kafin nan hukumar ta amince da wasu magunguna biyu na cutar, lecanemab a 2023 da donanemab a 2024. Labaran sun iso wayoyin mutane a Bauchi da Gombe a gutsuttsure, har wasu suka ɗauka an samo maganin gigin tsufa, wasu kuma suka fahimci cewa yanzu saurayi zai iya ba da jini a faɗa masa ko zai ruɗe idan ya tsufa, kamar dai yadda ake gwajin sikila kafin aure. Babu ɗaya daga cikin biyun da yake daidai. An tanadi gwajin ne domin masu shekara 55 zuwa sama waɗanda alamun cutar suka riga suka bayyana a gare su, kuma likita ba ya yanke hukunci da shi kaɗai. Abin da gwajin yake aunawa shi ne wani nau'in furotin (sinadari ne da jiki ke sarrafawa) mai suna tau, a gwada yawansa da na wani furotin da ake kira amiloyid.

Mantuwar da ta wuce ta tsufa

Cutar mantuwa ba cuta ɗaya ba ce. Suna ne da likitoci suke ba duk wani lalacewar tunani, magana, lissafi ko ɗabi'a da ya kai ga hana mutum gudanar da harkokinsa na yau da kullum, kuma yake ƙaruwa a hankali. Dattijon da ya manta inda ya ajiye carbinsa, can anjima ya tuna, tsufa ne kawai. Lamarin ya sha bamban da na wanda ya shekara arba'in yana salla a masallacin unguwa, wata rana ya fito ya rasa hanyar gidansa, ko tsohuwar da ta gama cin tuwon dare ta dubi jikarta ta ce, "Ke, yau ba za a ba ni abinci ba ne?", jikar ta amsa, "Inna, ai yanzu kika ci," bayan ɗan lokaci kuma ta sake tambaya. Irin wannan tsohuwar ce kan cusa kuɗinta a ƙarƙashin katifa ta manta, ta ɗora wa surukarta sata, gida ya yamutse ba tare da kowa ya gane cewa ciwo ne ke magana ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 57 ne ke fama da cututtukan mantuwa a 2021, fiye da kashi 60 cikin ɗari daga cikinsu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ko matsakaici, kuma duk shekara ana samun sababbin masu cutar kusan miliyan 10. Cutar Alzheimer ce ke da kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari. Mai bi mata ita ce mantuwar da ke biyo bayan lalacewar jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa, wadda hawan jini da shanyewar ɓarin jiki ke haddasawa, kuma sau da yawa akan tarar da biyun a kan mutum guda.

Abin da aka gani a ƙwaƙwalwa

A 1901 aka kwantar da wata mata mai shekara 51, Auguste Deter, a asibitin masu taɓin hankali na birnin Farankfot a Jamus, tana fama da mantuwa, ruɗewa da zargin mijinta. Da ta rasu a 1906, likitanta Alois Alzheimer ya duba ƙwaƙwalwarta da madubin likita, ya ga abubuwa biyu. Na farko wasu dunƙule-dunƙule ne a tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, na biyu kuma wasu zarurruka ne cukurkuɗaɗɗu a cikin ƙwayoyin kansu. Sai da aka shafe kusan shekara tamanin kafin a san ko mene ne su. A 1984 aka gano cewa dunƙulen na waje amiloyid ne, a tsakiyar shekarun 1980 kuma aka tabbatar da cewa zarurrukan na ciki tau ne, furotin ɗin da masu bincike a jami'ar Firinston ta Amurka suka gano tun 1975 ba tare da sun alaƙanta shi da wata cuta ba.

Tau ba baƙo ba ne a jiki. Kowane mai lafiya yana da shi, kuma yana da aiki. Ƙwayar ƙwaƙwalwa tana da dogon reshe da take aika saƙo ta cikinsa, a cikin reshen kuma akwai ƙananan bututu da ke riƙe siffarsa, waɗanda abinci da sauran kayan aikin ƙwayar ke bi su kai ƙarshensa. Tau ne ke riƙe waɗannan bututu, kamar igiyar ramar da ke ɗaure karan darni: muddin ɗaurin yana nan darni na tsaye, idan kuwa ya kwance kara zai watse, igiyar kuma ta cukurkuɗe a ƙasa. Jiki yana sassauta riƙon tau ko ya ƙarfafa shi ta hanyar liƙa masa wani sinadari mai suna fosfet ko cire shi. A cutar Alzheimer fosfet ɗin yakan yi yawa fiye da kima, tau ya saki bututun, ya lanƙwashe ta hanyar da ba ta dace ba, ya manne da ɗan'uwansa har su zama zare. Ɓarnar ta fuska biyu ce, domin hanyar jigila ta lalace, kuma tarin tau ɗin kansa guba ne ga ƙwayar. Nau'in tau da sabon gwajin jinin yake aunawa ana kiransa p-tau217, lambar 217 ɗin kuma tana nuni ne ga wani gurbi a jikin tau inda fosfet ke liƙewa tun cutar tana farko-farko.

Wani abin da ya sa tau ya ja hankalin masana shi ne yadda yake bazuwa bisa tsari. A 1991 wasu ma'aurata masu bincike a Jamus, Heiko da Eva Braak, suka nuna cewa tarin tau yana bin matakai shida. Yana farawa ne daga sashen da ke can ciki ta wajen kunne, kusa da inda ake adana sababbin abubuwan da mutum ya gani ko ya ji, daga nan ya bi hanyoyin sadarwar ƙwayoyin ya kai ga sassan magana, gane wuri da yanke shawara. Wannan ne ya sa majinyaci zai iya ba da labarin aurensa na fari dalla-dalla, ko ya kawo surorin da ya haddace a makarantar allo ba tuntuɓe, amma ya kasa tuna wanda ya zo gaishe shi da safe. Iyalai da dama kan kafa hujja da wannan su ce da gangan yake yi, alhali tsohon ajiya bai lalace ba tukuna, wurin karɓar sabo ne ya rushe. Gwaje-gwajen da aka yi a kan dabbobi sun nuna cewa tau da ya lanƙwashe yana iya fita daga wata ƙwaya ya shiga ta kusa da ita, ya sa lafiyayyen tau na can ya ɗauki irin lanƙwasarsa. Wannan yaɗuwa a cikin ƙwaƙwalwar mutum guda take faruwa. Ba a ɗaukar cutar ta zama da majinyaci, cin abinci tare da shi ko jinyarsa.

Ba Alzheimer kaɗai tau ke haddasawa ba. Akwai mantuwar da ke kama gaban ƙwaƙwalwa da gefenta, wadda ta fi bayyana tsakanin shekara 45 zuwa 65, kuma ba da mantuwa take farawa ba. Magidanci mai kamun kai ne zai fara sakin baki a gaban surukai, ko ya riƙa kashe kuɗi ba lissafi, ko kalmomi su riƙa ɓace masa. Wani kaso na masu wannan cuta tau ne sanadinsu, sauran kuma wani furotin ne daban. Akwai kuma wata da ke sa yawan faɗuwa ta baya da kasa kallon ƙasa, wadda akan ɗauka cutar Parkinson ce, wato ciwon nan mai sa rawar jiki. Tun daga 2017 masu bincike a Kambirij ta Ingila suka fara ɗaukar hoton zarurrukan tau da na'ura mai ƙarfi, suka gano cewa kowace cuta da irin lanƙwasar tau ɗinta.

Amiloyid ne tushe ko tau?

Shekaru da dama masana sun kasu biyu. Ɓangare na farko, wanda John Hardy da Gerald Higgins suka tsara ra'ayinsa a 1992, yana ganin amiloyid ne mafarin cutar, tau kuma sakamako ne. Babbar hujjarsu daga gado take: duk sauye-sauyen ƙwayoyin gado da aka san suna jawo Alzheimer kai tsaye sun shafi yadda jiki ke sarrafa amiloyid ne, kuma masu ɗauke da su suna ƙarewa da amiloyid da tau gaba ɗaya. Haka nan masu lalurar Down, waɗanda aka haifa da kuromosom (ƙunshin ƙwayoyin gado) na 21 guda uku maimakon biyu, suna da ƙarin kwafi na ƙwayar gadon da ke samar da amiloyid, kuma akasarinsu kan tara amiloyid da tau tun suna wajen shekara 40.

Su kuwa masu ra'ayin tau suna nuna cewa akwai tsofaffi da yawa da suka rasu da hankalinsu garau, aka tarar da amiloyid jingim a ƙwaƙwalwarsu. Yawan amiloyid ba ya tafiya daidai da tsananin ciwo, amma yawan tau da wuraren da ya kai suna tafiya daidai da shi. A 1998 aka samu iyalai masu sauyi a ƙwayar gadon tau kanta, mai suna MAPT a kuromosom na 17, waɗanda ƙwaƙwalwarsu ke lalacewa ba tare da amiloyid ba. Hakan ya tabbatar da cewa tau shi kaɗai ya isa ya kashe ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, sai dai cutar da yake haifarwa a waɗannan iyalai ta gaban ƙwaƙwalwa ce, ba Alzheimer ba.

Wani rahoto na 2019 daga ƙasar Kolombiya ya haɗa hujjojin biyu wuri guda. A yankin Antiyokiya akwai wani babban dangi, dubban mutane, da ke gadon wani sauyi mai jawo Alzheimer, kuma masu ɗauke da shi kan fara nuna alamu tun suna da shekara arba'in da 'yan kai. Wata mata daga cikinsu ta gaji sauyin, amma tunaninta bai fara rauni ba sai da ta haura 70. Hoton ƙwaƙwalwarta ya nuna amiloyid mai yawan gaske, tau kuwa kaɗan, kuma an gano tana da kwafi biyu na wani nau'in ƙwayar gado da ba kasafai ake samunsa ba, wanda ake kyautata zaton shi ya hana tau bazuwa. Matsayar da akasarin masana suka karkata a kai yanzu ita ce amiloyid yana taruwa a ɓoye shekara 15 zuwa 20 kafin alamu, yana share wa tau hanyar fita daga inda yake a killace, sannan tau ya yi ɓarnar da ake gani. Duk da haka, magungunan da aka fara gwadawa domin kama tau kai tsaye ba su yi nasara ba, ana dai ci gaba da gwada wasu da ke rage samar da shi daga tushe.

Gado iri biyu ne

Tambayar da ta fi damun 'ya'yan majinyaci ita ce ko su ma abin zai same su. Amsar ta danganta da irin gadon da ake magana a kai.

Iri na farko shi ne na kai tsaye, wanda ya shafi ƙwayoyin gado uku: APP a kuromosom na 21, PSEN1 a na 14 da PSEN2 a na 1. Wanda ya gaji sauyi a ɗayansu daga uwa ko uba kusan tabbas zai kamu, galibi kafin shekara 60, kuma kowane ɗa da ya haifa yana da rabin yiwuwar ya gada. Amma wannan bai kai kashi 1 cikin ɗari na masu Alzheimer ba. Alamarsa a dangi ba ta ɓoyuwa, domin za a ga kaka, ɗa da jika duk sun ruɗe tun da ƙarfinsu. A nan ne kwatantawa da sikila ke ɓatar da mutane. Sikila sai an gado daga iyaye biyu, shi ya sa ake gwada masu niyyar aure, wannan kuwa daga mahaifi ɗaya ya wadatar, don haka auren zumunci ba shi ke kawo shi ba, auren bare kuma ba ya kawar da shi.

Iri na biyu ƙarin haɗari ne kawai, kuma shi ya fi yawa. Mafi shahara shi ne APOE a kuromosom na 19, wanda aikinsa jigilar kitse ne a jini da ƙwaƙwalwa, kuma yana da nau'i uku. A 1993 masu bincike a jami'ar Duke ta Amurka suka gano cewa nau'in da ake kira APOE4 yana ƙara haɗarin Alzheimer. A tsakanin Turawa, mai kwafi ɗaya haɗarinsa ya ninka kusan sau uku, mai kwafi biyu kuma wajen sau goma ko fiye. Duk da haka mutane da yawa masu kwafi ɗaya suna tsufa lafiya, kuma da yawa daga cikin masu cutar ba su da APOE4 sam.

Darasin Ibadan

Alƙaluman da ke sama na Turawa ne, kuma bincike mafi muhimmanci da ya nuna cewa ba ko'ina suke aiki ba a Nijeriya aka yi shi. Daga 1992 likitocin Jami'ar Ibadan, ciki har da Farfesa Benjamin Osuntokun da Farfesa Adesola Ogunniyi, suka haɗa hannu da takwarorinsu na birnin Indiyanafolis a Amurka, suna bin tsofaffin Yarabawa a Ibadan da baƙaƙen fata na can da ma'auni iri ɗaya. Sakamakon da aka buga a 2001 ya nuna cewa sababbin masu cutar mantuwa a shekara sun kai kashi 1.35 cikin ɗari a Ibadan, a Indiyanafolis kuwa 3.24. APOE4 ba shi da ƙaranci a tsakanin Yarabawa, amma tasirinsa ya yi rauni ƙwarai, kuma bibiyar da aka yi daga baya ta nuna cewa masu kwafi biyu ne kawai haɗarinsu ya ƙaru a fili. Masu binciken sun danganta bambancin da ƙarancin kitse a jini da ƙarancin cututtukan jijiyoyin jini a tsakanin tsofaffin Ibadan na wancan lokaci, tare da yiwuwar wasu ƙwayoyin gado masu kariya.

Bai kamata a ɗauki wannan a matsayin rigakafin da baƙar fata ke da shi ba. Afirka ce nahiyar da ta fi kowace bambancin ƙwayoyin gado, don haka abin da aka gani a Yarabawa ba za a ɗora shi kai tsaye a kan Hausawa, Fulani, Tangale, Tera ko Jarawa ba. Kuma idan har abinci da lafiyar jijiyoyin jini ne suka kawo sauƙin, to sauƙi ne mai iya gushewa yayin da hawan jini, ciwon suga da ƙiba ke ƙaruwa a birane.

Abin da ya shafi iyali a Bauchi da Gombe

Sababbin magungunan biyu, lecanemab da donanemab, amiloyid suke sharewa, ba tau ba. Lecanemab ya rage saurin lalacewar tunani da kashi 27 cikin ɗari a wata 18, wato majinyaci yana ci gaba da raguwa amma a hankali. Lokacin da aka amince da shi a 2023, ta jijiya ake ba da shi duk mako biyu, ga masu matakin farko kawai, tare da ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa akai-akai saboda yana iya jawo kumburi ko tsiyayar jini, musamman ga masu kwafi biyu na APOE4. A 2023 an sa kuɗinsa a Amurka dala 26,500 a shekara. Masu goyon bayansa na cewa wannan ne karon farko da aka taɓa asalin cutar, masu suka kuma na cewa iyali da wuya su lura da bambancin, har hukumar da ke tantance magunguna ga asibitocin gwamnati a Ingila ta ce amfanin bai kai kuɗin ba. Ga mai zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi ko Asibitin Koyarwa na Tarayya a Gombe, abin da ya fi kusa shi ne tsofaffin magunguna irin su donepezil da memantine, waɗanda ke sassauta alamu na wani lokaci ba tare da tsayar da cutar ba.

Duk da haka zuwa asibiti da wuri yana da amfani babba, domin ba duk ruɗewar tsoho ce Alzheimer ba. Ƙarancin bitamin B12, raunin aikin ƙwayar wuya da ake kira thyroid, wadda kumburinta ke zama maƙoƙo, ciwon damuwa, taruwar jini a ƙarƙashin ƙoƙon kai bayan faɗuwa, ciwon mafitsara da wasu magungunan barci duk suna iya kama da ita, kuma ana magance su. Ruɗewar da ta zo cikin kwana ɗaya ko biyu kuwa lamarin gaggawa ne. Rashin karatun boko ma ba ya hana a gwada mutum. A binciken Ibadan an ƙirƙiro wani gwaji da tsinken ashana huɗu, inda ma'aikaci zai jera su a wata siffa a gaban tsoho ya ce ya kwaikwaya, anjima kuma ya ce ya sake jerawa da ka. Abin da likita ya fi buƙata shi ne a zo da wanda yake zaune da majinyacin, ya faɗi lokacin da abin ya fara, me ya fara sauyawa, da kuma ko wani a dangi ya yi irinsa yana da shekara nawa.

A fannin rigakafi, kwamitin masana na mujallar Lancet ya lissafa abubuwa 14 a 2024 waɗanda ya ƙiyasta suna da hannu a kusan kashi 45 cikin ɗari na cutar mantuwa a duniya. Daga cikinsu akwai hawan jini, ciwon suga, shan taba, raunin ji, raunin gani da ba a magance ba, ƙarancin ilimi a ƙuruciya, kaɗaici, gurɓatacciyar iska da buguwar kai. Wani babban gwaji a Amurka da aka buga a 2019 ya nuna cewa tsananta saukar da hawan jini ya rage haɗarin raunin tunani na matakin farko da kashi 19 cikin ɗari. Batun buguwar kai yana da alaƙa ta musamman da tau, domin tun 1928 likitoci suka bayyana wata lalacewar ƙwaƙwalwa a tsakanin 'yan damben zamani, daga baya aka gano tarin tau ne a kewayen ƙananan jijiyoyin jini sakamakon dukan da ake ta maimaitawa. Wannan ya shafi 'yan damben gargajiya, haka kuma raunin kai mai tsanani ko da sau ɗaya ne, irin wanda ɗan acaɓa marar hular kwano kan samu, yana cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin mantuwa.

Akwai kuma sha'anin zamantakewa da dukiya. Tsohuwar da ke fita da dare tana surutai, ko take amsa laifin da ba ta yi ba saboda ruɗewa, tana iya faɗawa zargin maita, magidancin da ɗabi'arsa ta sauya kuma a ce sammu ne ko aljanu, a shafe shekaru ana kashe kuɗi ba a ga likita ba. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta tanadi kare haƙƙin masu irin wannan lalura. A ɓangaren addini, malaman fiƙihu sun haɗu a kan cewa hankali sharaɗi ne na ɗora wa mutum salla da azumi, haka nan sharaɗi ne na ingancin ciniki, kyauta da wasiyya. Tun da cutar tana ɗaukar shekaru tana tafiya mataki-mataki, mutum yakan riƙe ikon yanke shawara a farkonta, kuma a wannan lokacin ne zai iya fayyace basussukan da ke kansa da waɗanda yake bi, iyakokin gonakinsa, da wanda ya amince ya kula masa da dukiya. Takardar likita mai kwanan wata da ke nuna matakin da ciwon ya kai tana iya zama hujja a gaban alƙali idan magada suka yi jayayya a kan wata gona da aka sayar ko gida da aka bayar kyauta a shekarun jinya.